Falle na Sittin da Uku

Tela ce ta gano. Ranar Litinin da hantsi muna zaune a ɗakin karatu na gidan adana tsofaffin takardu, mu tara ko goma, ba ka jin komai sai kukan fanka da ƙarar fensir a kan takarda, sai ta miƙe tsaye, rajista a buɗe a gabanta, ta ce, ba ma da ƙarfi ba, “An cire babana.”

Da farko ba wanda ya gane abin da take nufi. Mace ce da ta kusa hamsin, tana da shagon ɗinki a bayan tashar mota, kuma duk Litinin da Asabar takan rufe shagon ta zo neman mahaifinta, wanda ya rasu tun tana goye. Ba ta da hotonsa, ba ta san kabarinsa ba. Wata uku ta yi tana bin littafin jerin sunaye da yatsa kafin ta same shi: rajistar ma’aikatan tsabtace gari, littafi na huɗu, lamba sittin da uku. Ta ƙara jiran sati guda, domin littafin yana kan kantar ajiya, an riƙe wa wani mai karatu. Ni ce mai karatun.

Aka taru a kanta. Ni ina can baya, ta tsakanin kafaɗun mutane nake leƙe. Inda fallen yake a da, ba abin da ya rage sai wani siririn gefen takarda da bai kai faɗin farce ba, miƙe sambal kamar an ja layi.

Wani ya tambayi lambar, aka ce masa sittin da uku. Ni da hannuna na rubuta lambar nan a littafina ranar Talatar da ta wuce. Abin da na ji a lokacin shi ne har yau ban iya faɗa wa kowa ido da ido ba. Daɗi na ji. Bai daɗe ba, amma na ji shi, ina tsaye bayan matar da aka cire wa uba.

*

Na shiga ajin bin asalin dangi da ake yi a gidan adana takardun ne saboda hoton da ke rataye a falonmu: Kaka, mahaifin Baba, cikin kwat, da alƙalami a aljihun gaba. Tun ina ƙarama na san shi akawu ne a ofishin gari, kuma duk wanda ya ci jarrabawa a gidanmu sai a ce jinin Kaka ne ya motsa. Na so in samo rubutun hannunsa in yi wa Baba kyautarsa.

Mai koyar da mu tsohuwar ma’aikaciyar gidan ce, ta yi shekara talatin da wani abu a rumbun takardu kafin ta yi ritaya. Uwar Sawu ake ce mata a bayan idonta, wai ko mutum ya shekara ɗari da mutuwa, in dai ya taɓa taka ƙofar wani ofis, sai ta bi sawunsa har ta fito da shi. A gabanta Malama muke cewa. Ita ta koya mana mu fara daga kanmu mu riƙa komawa baya, kada mu tsallake kowa don ɗokin isa ga wani babba. Mu tambayi tsofaffin gida tun suna da rai, amma labarin gida labari ne kawai sai takarda biyu sun yarda da shi. Suna ɗaya, akawu uku za su rubuta shi iri uku. Ban da biro, fensir kaɗai. Abin da ta fi nanatawa kuwa, duk abin da ka kwafa ka rubuta inda ka samo shi, ta yadda baƙo zai koma ya same shi ba tare da kai ba.

Sati uku na nemi Kaka a rajistar akawuna ban gan shi ba. Malama ta ce in duba sauran, mutum yakan fara daga wani wuri. A littafi na huɗu na same shi. Sunansa, sunan mahaifinsa, unguwarsu, shekara, duk nasa ne. A gurbin aiki an rubuta kwashe bokitin bayan gida. Shekara ashirin da shida yana yi, ba a taɓa canza masa ba. A gurbin sa hannu babu rubutu, dangwalen babban yatsa ne, tawadar ta koma ruwan ƙasa.

Na kwafa, tunda an koya mini in kwafa. Na sa aka riƙe mini littafin, na dawo Laraba da Alhamis ina kallon layin kamar zai canza. Ranar Asabar da Malama ta zaga tana tambayar kowa abin da ya samo, na ce ni ban samu komai ba tukuna.

*

Darakta, shugaban gidan, bai ɓata lokaci ba. A dokar gidan, duk littafin da ya dawo daga hannun mai karatu sai an ƙirga fallayensa kafin a ba wani, kuma wannan aikin Mai Amalanke ne, dattijon da ke turo mana rajistoci daga rumbu yana tsaron ƙofa. Ya sa hannu ranar Asabar cewa littafin cikakke ne. Da aka tambaye shi ko ya ƙirga, ya ce bai ƙirga ba. Da aka tambaye shi wa ya taɓa littafin ban da ni, ya ce a duba takardun neman littafi. A takardun ba kowa sai ni.

Darakta ya ce in ba a samo fallen ko wanda ya yanke shi zuwa Alhamis da rana ba, zai rubuta takardar korar dattijon. Wata bakwai ya rage wa Mai Amalanke ya yi ritaya, bayan shekara talatin da huɗu. Wanda aka kora ba ya da fansho.

Kafin a tashi ɗakin karatu ya rabu gida uku. Wasu suka ce ai an san ana sayar da tsofaffin takardu masu hatimi, kuma wa ya fi mai makulli dama. Wasu suka ce a dubi Lauya, wani mai karatu da aka gani yana zagaya kantar ajiya. Sauran ba su ce komai ba, sai dai da na zo ɗaukar jakata a akwatunan bakin ƙofa, mata biyu da ke hira suka yi shiru, ɗaya ta matsar da tata jakar. Gumi ya sa tabarau na zame mini daga hanci, na kasa ko sa makulli a ramin.

Uwar Sawu ta roƙi Darakta ya ba ta littafin da kwana ukun. Ya ce ta ɗauka, ai ta riga shi sanin gidan.

*

Ta kira ni in riƙe mata fitila, wai hannuna ya fi nata tsayuwa. Ba gaskiya ba ne. Ta kwantar da kanta a gefen tebur tana kallon yankan ta gefe, ta daɗe a haka. Ta shafa fallen da ke ƙasa da bayan yatsa, ta ɗaga shi ga haske.

Ta ce in duba, ko ƙwarzane babu a fallen ƙasa. Wanda ya yi yankan ya sa kwali a ƙarƙashi don kada rezar ta taɓa na baya. Ya yi amfani da rula. Ya kuma bar gefe mai ɗan faɗi, domin ya san fallaye biyu-biyu ake ɗinke su, in ka yanke ɗaya har tushe ɗan’uwansa na can gaba zai faɗo.

“Ɓarawon kasuwa yagewa yake yi ya tura a riga,” ta ce. “Wannan son littafi yake. Ya yi shekaru yana gyara littattafan da yara suka yaga.”

Na ce to. Ban yi tunanin kowa ba, ko kuwa na hana kaina yi. Har yanzu ban san wanne ne ba.

*

Lauya aka fara kira. Yana bin wata shari’ar fili ne, yana tonon takardun tsohuwar unguwar ma’aikata. Ya yarda ya ɗaga littafin ranar Alhamis, ya zaci nasa ne, ya mayar. Ya yi bayani mai tsawo a kan yadda doka ba ta yarda a zargi mutum ba hujja ba, yana yi yana lasar yatsa yana buɗe takardunsa, ya kuma yagi takarda daga littafinsa don ya rubuta mata lambar wayarsa, yagar ta tafi a karkace har da rabin wani shafin. Da ya fita Malama ta ce wannan ko burodi ba zai iya yankawa daidai ba.

Tela kuwa an samu reza a ’yar jakarta, wadda take farke ɗinki da ita, kuma tuni magana ta zaga cewa ita ta yanke don ta ajiye, ta yi kururuwa don ta rufe. Malama ta tambaye ta a hankali. Tela ta ce minti nawa littafin ya yi a hannunta, a gaban mutum goma?

“Da ni na yanka, Malama, da yanzu ina shago na rufe ƙofa ina kallonsa. Me zai zaunar da ni nan ina shan kallon raini?”

Mai Amalanke shi ya fi ba ta wahala. Ya zauna a bakin kujera, hularsa a hannu. Ya ce shi ya yi sakaci, a kore shi ya isa. Ta tambaye shi ranar Juma’a da safe, lokacin da ɗakin ba kowa, wa ya shigo. Ya ce a duba littafin baƙi. Ta ce ta duba, ba kowa, shi ya sa take tambayarsa. Ya kalli amalankensa.

Bayan ya tafi ta ce mini, shekara talatin ta san mutumin nan, bai taɓa iya ƙarya ba, shi ya sa yake yin shiru. Akwai wanda yake jin nauyinsa fiye da fanshonsa.

*

Laraba da safe ta ce saura ni.

Ta rufe ƙofar ƙaramin ofishin, ta ajiye littafi na huɗu a tsakaninmu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce abu ɗaya ne bai zauna mata ba: wanda bai samu komai a littafi ba, mayar da shi yake yi ya nemi na gaba. Ni kuwa na riƙe shi kwana biyar, kuma ta gan ni ranar Alhamis awa guda ban juya shafi ba.

Na gyara tabarau, na sake gyarawa. Sai na faɗa mata duka, har da bokitin, har da dangwalen. Na ce kuma yanzu ya tafi, yana cikin wanda aka yanke, shi da baban Tela a wuri ɗaya. Na ce wallahi ba ni na yanke ba, amma na san ba wanda zai yarda.

“Wace lamba kika rubuta?”

“Sittin da uku.”

Ta turo mini littafin. “Buɗe mini, ’yata. Yadda kika saba buɗewa.”

Na kama ƙasan shafuffukan ina bin ’yan lambobin da akawu ya rubuta da hannu a can ƙasa. Hamsin da tara, sittin da ɗaya. Na juya, sai ga Kaka. Layi na bakwai, da dangwalensa, ba abin da ya taɓa shi.

Malama ta ɗora yatsa a saman takardar, ta dama, inda aka buga wata lamba da hatimi, baƙa, mai girma. Talatin da biyu. Ta ce littafin nan lamba biyu gare shi. Akawun da ya fara shi ya ƙirga shafi-shafi, gaba da baya, ya rubuta a ƙasa. Da littafin ya zo gidan nan aka buga hatimi falle-falle a sama, kuma da na saman ake aiki, shi ne a littafin jerin sunaye. Ta gaya mana a aji mu rubuta duka biyun, mu kuma faɗi wacce ce wacce. Na tuna ranar, har ma na rubuta maganar na ja mata layi.

“Wanda ya zo ya bi babbar lambar, kamar kowane baƙo. Ya zo yankan kakanki ya tafi da uban wata. Kuma bai karanta abin da ya yanka ba, da ya karanta da ya san ya yi kuskure. Wa kika gaya wa?”

Na ce ba kowa.

“Ina littafinki yake kwana?”

A kan teburin Baba yake kwana, domin nan ne fitila ta fi haske. Baba hedimasta ne mai ritaya. Shekara arba’in yana ɗinke littattafan makaranta da zare da gam, har yanzu akwai rular ƙarfe da ’yan kwalaye a aljihun teburinsa. Ban faɗi ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ta duba katina na shiga ɗakin karatu, ta ga sunan mahaifi, ta tambaye ni a wace makaranta ya koyar, na faɗa. Ta ce nan Mai Amalanke ya yi firamare.

Na fara kuka irin wanda ba ya da sauti. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce ita ba ’yar sanda ba ce, ba za ta je gidan dattijo da tambaya ba. Gobe ƙarfe goma sha ɗaya za ta tara mutane a ɗakin karatu. In na ga dama in gaya masa abin da zai faru da ɗalibinsa da rana.

*

Na same shi da yamma a tsakar gida yana ba shukokinsa ruwa. Na yi ta zagaye, na ɗauki bokiti na ajiye, na tambaye shi ko ya sha maganinsa. Ya ce, “Auta, faɗi abin da ya kawo ki, kin tsaya mini a kan tiyo.”

Ban iya kallonsa ba. Na ba shi labarin kamar labarin wasu mutane: an yanke falle, za a kori mai turo littattafai gobe, wata bakwai kafin ritayarsa, ya ƙi faɗin wanda ya shigo. Na ce kuma wanda ya yanka ya yi kuskure, laifin mai rubuta lamba ne, ba fallen da yake nema ya ɗauka ba. Na mahaifin wata tela ne, wadda ba ta taɓa ganin ko hotonsa ba.

Ruwa ya cika tukunyar shuka ya fara zuba a kan takalminsa, bai janye ƙafar ba. Da ya yi magana, cewa ya yi in je in rufe famfo.

Da safe na tarar ya riga ni fita. Mama ta ce ya sa kayan da yake sawa ranar raba sakamako, bai ko sha shayi ba.

*

Ƙarfe goma sha ɗaya muka zauna a dogon tebur: Darakta da takardarsa a cikin fayil, Lauya, Tela, Mai Amalanke, ni, da sauran ’yan aji a baya. Baba bai zo ba. Na riƙa kallon ƙofa har wuyana ya ƙage.

Uwar Sawu ta bi abin daki-daki. Ta wanke Lauya, ya ce dama ya faɗa. Ta wanke Tela, ta kuma ce waɗanda suka yi maganar rezarta su same ta su ba ta haƙuri. Ta nuna lambar sama da ta ƙasa, ta yi bayanin yadda wanda ya rubuta lamba ɗaya kawai ya tura wani ga fallen da ba nasa ba. Ba ta ambaci sunana ba. Darakta ya tambayi wane ne ya rubuta. Ta kalli tebur.

Na miƙe, gwiwata ta bugi kujera. Na ce ni ce. Na ce na yi ƙarya ranar Asabar, na samu kakana, kuma aikinsa kwashe bokitin bayan gida ne. Wannan ne karo na farko da na faɗa da ƙarfi, muryata ta fito siririya kamar ta yarinya ’yar aji ɗaya. Ba wanda ya yi dariya. Darakta ya ce to wa ya karanta littafina.

“Ni ne.”

Baba ne tsaye a bakin ƙofa, ban san tun yaushe ba. Daga baya na ji tun ƙarfe takwas yake zaune a benci a tsallaken titi. Mai Amalanke ya zabura ya miƙe, ya ce, “Malam, da ba ka zo ba.”

“Zauna, Monita,” in ji Baba, sunan da yake kiransa da shi tun yana monitan ajinsa.

Ya zo ya ajiye babban ambulan a gaban Darakta. Fallen yana ciki tsakanin kwali biyu, ko lanƙwasa babu. Ya ce ranar Juma’a ya zo, ya ce yana son ganin littafin da ’yarsa take karantawa. Monita ya ji nauyin sa malaminsa cike takarda, ya ji nauyin caje shi a ƙofa, ya ma fita ya ba shi wuri. Laifin nasa ne shi kaɗai, shi da ya san za a ji nauyinsa ya kuma dogara da hakan.

Malama ta tambaye shi me ya sa bai duba abin da yake yankawa ba.

Baba ya ce ya rufe rubutun da kwali ne kafin ya ɗora rula. Ya san abin da ke ciki. Yana aji biyar ya gamu da mahaifinsa a hanya da bokiti a ka, shi yana tare da abokansa, sai ya tsallaka titi. Kwat ɗin hoton na mai ɗaukar hoto ne, alƙalamin kuma nasa ne, shi ya soka masa a aljihu ranar da ya fara koyarwa. Maganar akawu ma daga bakinsa ta fara fita.

“Na kawar da kai a titi, na zo nan ma na kawar da kai,” ya ce. Ya juya ga Tela. “Baiwar Allah, ban san da wane baki zan ba ki haƙuri ba.”

Tela ba ta ce ta yafe ba. Ta jawo fallen gabanta, ta sunkuya, ta bi layukan da ido, ta sake bi. Sai ta ce ita wannan haɗaɗɗen rubutun na da ba ta iya karanta shi, na jerin sunaye da injin aka buga. Ta tura masa.

“Tunda kai malami ne, karanta mini. Kai ka sa na ƙara kwana uku.”

Baba ya sa tabarau. Ya samo layin, ya karanta sunan mahaifinta da na kakanta da unguwarsu. Da ya iso gurbin aiki ya tsaya, sannan ya karanta shi kamar yadda yake: kwashe bokitin bayan gida. Shekara tara. Ya rasu yana kan aiki.

Tela ta ce ta sani, mahaifiyarta ba ta taɓa ɓoye mata ba. Ta tambaya wanne ne yatsansa. Ya nuna mata. Ta kai hannu, Malama ta buɗe baki za ta hana, sai ta fasa. Tela ba ta taɓa takardar ba. Ta tsayar da babban yatsanta a sama kaɗan tana gwadawa, ta ce ashe ƙaramin hannu gare shi.

Darakta ya buɗe fayil ɗinsa, ya rufe. Ya ce ba zai kira ’yan sanda ba tunda fallen ya dawo lafiya, amma Baba zai rubuta abin da ya faɗa ya sa hannu, kuma ba zai sake shiga gidan ba. Katina an dakatar da shi wata uku. Mai Amalanke zai karɓi gargaɗi a rubuce ya ci gaba da aikinsa, da sharaɗin daga yau ko uban wa ya shigo, a caje shi.

Baba ya roƙi abu ɗaya kafin ya fita. Malama ta ce mini in buɗe masa, in kuma faɗi lambar yadda ya kamata. Na ce littafi na huɗu, falle na talatin da biyu a hatimin sama, shafi na sittin da uku a rubutun ƙasa, layi na bakwai. Ya tsaya a kai hannuwansa a baya, ya karanta daga farkon layin har ƙarshensa, leɓensa yana motsi. Ya ce an rubuta sunan kakansa ba daidai ba. Malama ta ce haka akawuna suke.

*

A bakin ƙofa Mai Amalanke ya buɗe masa ya matsa gefe, kansa a ƙasa. Baba bai wuce ba. Ya tsaya, ya ɗaga hannuwansa biyu.

“Malam, don Allah.”

“Ka ji abin da aka ce. Yi aikinka, Monita, wata bakwai ya rage maka.”

Darakta yana tsaye a bayanmu, ’yan aji duka suna kallo. Mai Amalanke ya goge tafinsa a jikin wando. Ya taɓa aljihun dama, ya taɓa na hagu, da ƙyar yatsunsa suke kaiwa. Baba ya ce masa ya manta na ciki. Ya sa hannu ya fito da hankici da makullin gida, ya mayar.

“Ba komai, Malam.”

Baba ya ce to madalla, ya juyo ya ce mini in miƙa tawa jakar.